Fitilar Makanike da Tauraron Kudu

Shekara goma sha tara ke nan wani tsohon malamin kimiyya yana bibiyar tauraro ɗaya. 'Yan layin suna kiransa Malam Madubi, saboda madubin hangen taurari da ya kafa a rufin gidansa. Tauraron yana can ƙasa-ƙasa ta kudu, launinsa ruwan lemo, kuma wata huɗu kacal yake samun ganinsa a shekara, da zarar duhu ya fara shiga. Malam yakan ce tsoho ne irinsa: ya kumbura har ya ninka rana girma sau da yawa, amma zafin jikinsa ya ragu. Kullum sai ya gwada haskensa da na taurari biyu da ke kusa da shi, ya rubuta a littafi.

Ana nan sai wani makanike ya kama gidan da ke kudu da nasa, ya buɗe gareji a gaba, ya zauna da iyalinsa a baya. Da aka sace masa batura biyu, ya ɗaure wata ƙatuwar farar fitila a kan dogon ƙarfe, jikin katangar da ta raba su. Malam ya hau rufi ya sa ido a madubi, bai ga komai ba sai fari fat.

Da safe ya sami makaniken kwance a ƙarƙashin wata mota.

"Ɗana, alfarma na zo nema. Ka riƙa kashe fitilar nan na rabin awa bayan faɗuwar rana."

Makanike bai ko fito ba. "Saboda me, Baba?"

Malam ya yi masa bayanin tauraron da littafin.

"To, Baba, in ɓarayi sun dawo, tauraron naka ne zai kama su? Sama cike take da taurari, ka zaɓi wani."

Malam ya koma gida ransa a ɓace. Ya yi haƙurin mako biyu, shafuka na tafiya babu rubutu. Rannan da yamma ya yanki kwali, ya jingina tsani a katanga, ya hau don ya kare gefen fitilar da ke haska rufinsa. Yana cikin ɗaure waya sai ya ji an girgiza ƙarfen daga ƙasa.

"Sauko, tsohon banza," in ji makanike, sufana a hannunsa. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Dama na sani. Wane tauraro? Tsakar gidana yake leƙe da madubin nan, matata yake kallo."

Mutane suka taru. Mai kantin layin, wanda Malam ya koyar a aji uku, ya sunkuyar da kai maimakon ya kare shi. Wannan ya fi zagin yi wa Malam ciwo. Ya sauko daga tsanin.

"Hau ka duba da idonka," ya ce. "Madubin ko kan katangarka ba ya iya sunkuyowa."

"Ba inda zan hau. In na ƙara ganinka a katangata, sai dai a ɗauke ka."

Kwana uku bayan haka makanike ya ƙara fitila ta biyu, ya juya ta saitin rufin.

'Yar Malam ta ce a kai ƙara. Ya ƙi, don ba ya so a maimaita maganar matar mutum a gaban hukuma. Ya kwance madubin ya naɗe a bargo. Sau biyu a mako take zuwa da motarta ta kai shi da madubin bayan gari, kusa da wata tsohuwar rijiya, ta zauna tana korar sauro har ya gama duba tauraronsa.

Ranar da motarta ta lalace a ƙofar gidan Malam, makanike yana tsaye yana kallo. Malam ya sa aka turo ta, aka wuce gabansa da ita zuwa wani gareji mai nisan layi shida.