Gwaggo Mai Oda

Fankar da aka liƙa wa cokalin ta sake tsayawa cak. Darakta ya dafe kai. "A kawo batir! Jama'a, yamma fa tana yi!"

Auta ta ruga da batir a hannu. Ita ce marubuciyar shirin, amma ranar ɗaukar gwaji kowa ɗan aike ne. Ta daɗe tana naci kafin shugaban tashar ya yarda a ɗauki kashi ɗaya ya gani: wasan barkwanci da za a riƙa sakawa bayan labaran dare, ana kwaikwayon dogayen tallace-tallacen nan da ke cika talabijin idan mutane sun kwanta. In shugaba ya yi dariya, shiri ya samu shiga. In bai yi ba, ta koma teburinta na rubuta sanarwar cigiya.

Kayan tallan duk ita ta ƙirƙiro su. Ga cokali mai fanka da ke huce maka miya kafin ta kai baki, ga laima mai taga domin ka leƙa ka ga ko ruwa ya ɗauke, ga safa mai ƙararrawa wadda ke kuka idan 'yar'uwarta ta ɓata.

Motar da za ta kawo 'yan kallo ta lalace a hanya, darakta ya ce kowa ya kira nasa. Auta ta buga wa yayanta ya zo da abokansa na shago. Tana cikin ɗaure fankar ta ɗaga kai, sai ga Yaya ya shigo, a bayansa kuma Mama, ta sha mayafinta na fita unguwa, tana taka wayoyin da ke ƙasa a hankali.

Auta ta ajiye cokalin. Ta ja Yaya gefe.

"Wa ya ce ka taho da ita?"

"Ta ce ba ta taɓa ganin inda kike aiki ba. In hana ta?"

Tun rasuwar Baba barci ya ƙaurace wa Mama. Takan zauna gaban talabijin, duk abin da aka tallata ta ɗauki waya. Ɗakin Baba ya cika da kwalaye: injin yanka albasa, bel na ciwon baya, abin goge ƙasa mai juya kansa. Auta kan dawo daga aiki a gajiye ta iske sabon kwali, washegari ta ba abokan aiki labari su yi ta ƙyaƙyatawa. Daga nan aka haifi Gwaggo Mai Oda, tsohuwar da ke kiran shirin. Har tabarau mai karyayyen hannu da aka ɗaure da zare, irin na Mama, sai da Auta ta sa aka nemo wa 'yar wasan.

Ta sami darakta a bayan kyamara. "Don Allah mu tsallake wurin Gwaggo."

"Ke, lafiyarki? Mu cire naman mu bar ruwa?" Ya juya. "Kowa ya zauna! Za mu ɗauka!"

Dogo, mai gabatarwa, ya faɗo gaban fitilu da kwat mai ƙyalli. "Shin miya tana ƙona maka harshe? Ka gaji da hura cokali kamar mai tayar da gawayi? To, wahala ta ƙare!" Aka nuno wani bawan Allah yana fama da cokalin gargajiya har ya kifar da teburi. Ɗaki ya kaure da dariya. A ƙaramin allon da ke gabanta, Auta ta hango Mama ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Shugaba ma, a kujerar gaba, ya fara murmushi.

Sai waya ta yi ƙara, haske ya koma kan Gwaggo, zaune cikin tulin kwalaye.

"Salamu alaikum, 'yata. Ni ce dai. Yaya yaran? A kawo min cokalin nan."

"An gama, Gwaggo," in ji mai amsa waya. "Sai anjima."

"Tsaya, kada ki kashe! Saura laima."

"Ai jiya kika sayi laima."

"Ta jiya tagarta hagu take kallo. Ni kuwa ruwan unguwarmu daga dama yake zuwa. Na gaya miki gwiwar nan ta sake tashi?"

Mutane suka riƙe ciki. Abokan Yaya har da buga ƙafa. Yaya kuwa ya sunkuyar da kai. Mai kyamara ya bi fuskokin 'yan kallo, ya zo kan Mama. Auta ta ga ta zare tabaranta, ta shafa zaren da ɗan yatsa, ta ninke ta sa a jaka. Ta ci gaba da kallon dandalin da idanun da Auta ta san ba sa gani daga nesa.

Da aka gama, shugaba ya taso yana share hawaye. "Tsohuwar nan ita ce shirin! Kowane mako ina son ta, a ƙara mata lokaci ma. Ki zo ofis gobe." Darakta ya rungume Dogo, aka yi ta tafi. Auta ta ce ta gode, muryarta kamar ta aro.

Yaya ya koma shago ko sallama bai yi mata ba. Ita da Mama suka hau bas, suka samu kujerar baya kusa da taga. Kwandasta ya zo ya wuce.

"Mama, ki yafe min. Gobe zan ce a cire ta."

"A cire wa? Kul. Abin da kika daɗe kina nema ya zo, ki ture da ƙafa?" Mama ta gyara zama. "Matar ta iya wasa. Maganar laimar nan kuwa ko ni ta ba ni dariya, a ciki. Sai dai ta cika ɗaga murya. Mai kira a irin wannan lokaci ƙasa-ƙasa yake magana, kada ya tashi na ɗaki."

Auta ta kasa haɗa ido da ita.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," in ji Mama. "Na cire tabarau, ƙila ya wuce ni. Ita kaɗai ce a gidan?"

"Ita kaɗai ce."

"Ba ta da 'ya'ya?"

Bas ya tsaya, wasu suka sauka, wata mata ta hau da buhu.

"Ban rubuta mata ba."

"Uhm," Mama ta ce, ta juya tana kallon titi. "Ai na lura."

Wayar Auta ta hau ruri a cinyarta. Darakta ne, tun a situdiyo ya ce yau sai an fita cin abinci gaba ɗaya, ba mai komawa gida da wuri. Ta bar ta ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara.

"Ɗauka mana, Auta," in ji Mama, ba tare da ta waiwayo ba. "Babu daɗi mutum ya kira a ƙi amsa masa."

Auta ta ɗauka. Ta ce su ci kawai, ita tana hanyar gida. Sannan ta janyo jakar Mama, ta ciro tabaran, ta goge shi da bakin gyalenta, ta miƙa mata.