Kibiya a Cinyar Barewa

A bakin titi Kawu ya ji labarin, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya fito sayen zaren ɗaurin kibiya, sai ya jiyo muryar Dogo, ɗan ƙanwarsa, daga rumfar facin taya inda yake aiki. Dogo na zaune bisa tsohuwar tayar mota, hannu duk baƙin mai, abokai sun kewaye shi, yana kwatanta musu yadda ya ja baka ya harbi barewa da safe.

"Wallahi kamar daga nan zuwa wancan falwayar! Ina saki, sai a cinyarta."

Kawu ya dubi falwayar. Nisa ne da ko shi, da ya tsufa a daji, ba zai ɓata kibiya a kansa ba.

"Ina naman?" ya tambaya daga bayansu.

Dariya ta ɗauke. Dogo ya miƙe yana goge hannu a wando. "Kawu, ina wuni. Ai barewar ta gudu. Na ɗan bi ta, sai na ga zan makara a aiki."

"Da kibiyar a jikinta?"

"E, Kawu."

"Kai kuma ka dawo kana rabon labari."

Haba! Tun ranar da ƙanwarsa ta kawo masa wannan zabgegen ta ce a koya masa harbi, me bai yi ba? Ya koya masa zaɓen kyauro, ya koya masa murɗa tsirkiya, ya sa shi rarrafe cikin ƙaya har gwiwoyinsa suka yi kanta. Kawu ba ya sa wa kibiya dafi, don haka doka ɗaya ce ya yi ta nanata masa har bakinsa ya gaji: a matsa kusa, in ba a samu kusa ba a haƙura. Da ya ga hannun yaron ya faɗa, sai ya ɗauki bakansa na kansa, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba su taɓa ja ba, ya damƙa masa. Yau ga sakayya. Ya riga ya yanke a ransa cewa in ba a samo barewar nan ba, bakan zai dawo ɗakinsa, koyo kuma ya ƙare.

"Ɗauko bakan. Wuce mu je."

"Kawu, akwai taya biyu da mai ita ke jira."

"Ita taya ba ta jin ciwo. Wuce."

Rana ta take sosai sa'ad da suka isa inda Dogo ya yi harbin. Kawu bai nuna masa komai ba. Ya tsaya da sandarsa ya ce, "Nemo jinin." Dogo ya yi ta sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har ya ga ɗigo a kan ganye, ya ga wani a jikin ciyawa, ya ga inda ƙafa ɗaya ke jan ƙasa. In ya ɓace sawu sai ya waiwayo yana neman taimako, Kawu kuwa ya kau da kai. Wanda ya iya harbi daga falwaya ai ya iya bin sawu.

Da la'asar suka same ta a ƙarƙashin sarƙaƙiya, kusa da wani busasshen kwazazzabo. Tana da rai. Kyauron ya karye, ƙarfen na nan cikin cinya, ƙudaje sun rufe wurin. Ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta faɗi. Dogo ya kai hannu kwari.

"Ajiye," in ji Kawu. "Yanzu ka san kusa? Ga wuƙa."

Dogo ya durƙusa ya yi bismilla ya yanka. Da suka juya ta don a zare ƙarfen, sai idon Kawu ya sauka a kan cikinta. Hantsarta a cike take, nono na tsattsafowa a kan ƙasa.

"Duba nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, don fushin ya wuce na ihu. "Duba da kyau. Da ka matso da ka gani, da ka sauke bakanka ka dawo gida da mutuncinka. Tana da ɗa a kwance cikin ciyawa tun safe yana jiranta."

Dogo ya sunkuyar da kai. Idonsa ya kawo ruwa. Kawu bai ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ya karɓi bakan, ya tokare shi da gwiwa, ya kwance tsirkiyar ya naɗe ta ya cusa a aljihu. Sai ya miƙa masa itacen haka nan.

"Koma kan sawunta, ka wuce inda ka harbe ta, ka bi har inda ta fito. In ka zo mini da ɗan da ransa, ka karɓi tsirkiyar."

"Kawu, in ban same shi ba fa?"

"Sai ka kai wa uwarka itace ta hura wuta."

Dogo ya juya ya shiga ciyawa a sunkuye, yana buɗa ta da hannu biyu. Kawu ya saɓa barewar a kafaɗa ya nufi gida, nonon na jiƙa masa bayan riga.