Kujerun Labo da 'Yan Albasa

Tun da tarurruka suka gano hanyar Konni, Labo mai hayar kujeru ya daina amsa gaisuwa sai da kai. Yau taron likitocin dabbobi, gobe na masu noman rani, kuma duk kujerunsa na roba ɗari biyu ake kai wa otal. Ni da nake maƙwabcinsa na sha haushin wannan ɗagawa.

Sai matarsa Mubaraka ta haihu ranar Talata. Suna ke nan Talata mai zuwa, ranar da manyan 'yan albasa na nan da na tsallaken iyaka za su yi taronsu. Suna ba ya matsawa, kujeru kuma Labo ya riga ya yi wa otal alkawarinsu. Ga surukinsa Malam Badamasi tafe daga Illela da jama'arsa.

"Takardar taron ta ce ƙarhe takwas," in ji Labo, "amma ni na san taro. Ba a hwarawa sai sha ɗaya. Mu yi suna, in kwashe."

Ya manta abu ɗaya. Masu makara mutanen buro ne, ma'aikatan ofis. Ɗan albasa kuwa da asuba yake sammako.

Bakwai da rabi, surukai sun cika kujeru, ana raba goro, wayar Labo ta yi ƙara. Hashimu ne, manajan otal.

"Labo, mutum ɗari da hamsin na tsaye! In ba ka taho yanzu ba, kada in ƙara ganin kujerarka nan."

Wallahi sai ya ba ni tausayi. Abincinsa ne ke shirin suɓucewa, amma da wane baki mutum zai ce wa surukinsa tashi? Ya tsaya yana zufa, waya na ta kuka a aljihu.

Can sai ga manyan riguna sun cika layi. Ashe 'yan albasa sun tambayi inda mai kujeru ya shiga, aka ce suna yake yi. "Suna, kuma ba a hwaɗa muna ba?" Suka taho barka gaba ɗayansu. Aka sake addu'a, goron da aka tanada har yamma ya ƙare a minti biyar.

Malam Badamasi ya gane halin da ake ciki. Ya miƙe yana dafa ƙugu, ya miƙa wa wani alhaji kujerarsa. Mutanen Illela duk suka miƙe. Kowane ɗan albasa ya ɗora kujera a ka, suka nufi otal a jere.

Labo ya durƙusa, kunya kamar ta kashe shi. "Baba, a yi mini gahwara."

"Kawo tabarma, yaro," in ji tsohon. "Tun sahe abin ga ke cin bayana. Don kada in kunyata ka gaban mutane ni zamna."