Ba a Juya Kifi a Gidan Guilan

Shen Guilan ta buge hannun surukinta da tsinken cin abinci, kifin ya koma cikin faranti yadda yake.

"Haoming! Wa ya ce maka ana juya kifi a gidan masu jirgi?"

"Yi haƙuri, Mama. Gefen nan ne ya ƙare."

"In ya ƙare sai ka ɗaga ƙashin ka ci na ƙasa. Shekara uku da auren 'yata, har yau sai an maimaita maka? Ka juya kifi ka kifar min da jirgi?"

Haoming ya yi dariya yana murza hannu. Matarsa Wenli kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Kallon uwarta take yi, Guilan na lalube a kan tebur, tana neman kofin shayin da ke gabanta.

Da sunan hutu suka zo daga birni, wai za su shiga jirgi su ga fararen gaurakin da ke sauka a tafkin duk lokacin sanyi. Amma Guilan ba yarinya ba ce. Tun da likita ya ce jijiyar idonta ce ke mutuwa, ba yanar ido ba ce da za a kankare, Wenli ta sa ta gaba da waya: ta bar jirgi, ta dawo wajensu. Jiya da suka iso sai da aka yi ta ta ƙare.

"To, ga sharaɗi," in ji Guilan. "Gobe ni zan tuƙa ku. In na kai ku wajen gauraki na dawo da ku lafiya, ba ki ƙara min maganar birni."

Wenli ta ce ta yarda.

Washegari a bakin ruwa masu yawon buɗe ido sun cika, kowa da rigar ruwa da madubin hangen nesa a wuya. Tsoho Pang, maƙwabcinta mai jirgin inji, ya hango su.

"Yaya Guilan, yau kuma iyali aka ɗauko? Ki bi a hankali, ɗan birni ba ya iyo!"

"Kai dai ji da tarkacen injinka mai korar tsuntsaye. Shekara arba'in ina riƙe da gorar tuƙi, kana ina?"

Ta cusa gorar a laka, jirgin ya sulale cikin dogayen ciyayin iwa. A gaskiya tsoro take ji, tsoron da ba ta faɗa wa kowa ba. Duniyar ta zame mata kamar ana kallo ta bakin kwalba, tsakiya da ɗan haske, gefe duhu. Amma hannunta ya san hanya. Tura goma sha biyu a karya hagu, inda laka ta koma yashi a miƙe. Tsuntsaye kuwa da kunne take kama su.

"Kun ji? Dinya ce, sun fi talatin. Wancan mai tari kamar tsohon mashayi, zalɓe ne."

Haoming yana ta ɗaukar hoto, bakinsa har kunne. Wenli na zaune a tsakiya, hannu a kan cikinta na wata biyar, ta fara sakin jiki. Har ta ce, "Mama, kin tuna ranar da Baba ya faɗa ruwa a nan yana nuna min ƙwan agwagwa?" Suka yi dariya. Guilan ta ji kamar ta riga ta ci.

Da suka fito fili, inda iwa ta ƙare, sai ta ga wani fari tsaye a kan ruwa, dogo, yana ɗan motsi.

"Shhh. Ga shi can. Namiji ne, shi ke gadi. Ku yi shiru in matsa da ku."

Haoming ya ɗaga madubi ya duba. Ya sauke, ya kalli matarsa.

"Kai," ya ce a hankali, "kyakkyawa ne, Mama."

Ta ƙara tura gora, da ƙarfi, don ta nuna musu. Sai da suka matso ta fara jin abin da bai yi mata ba. Gauraka ba ya barin jirgi ya kusance shi haka bai yi kuka ba. Abin da kunnenta ke ji shi ne fat-fat-fat, ƙarar leda a iska. Farin buhu ne, irin wanda masunta ke ɗaurawa a kan sanda don a san akwai turakun komar kamun kifi a ƙarƙashin ruwa. Ita kanta ta ɗaura irinsa ba sau ɗaya ba.

Ta danna gora don ta tsaya, amma ta makara. Ƙasan jirgin ya hau turke, ƙurrr, ya karkata. Ruwan sanyi ya kwararo ta gefe. Wenli ta yi ƙara, ta zame ta bugi katako, hannu biyu a kan ciki.

"Kada wanda ya tashi!" Guilan ta daka tsawa. "Haoming, koma dama! Dama na ce!"

Ta jingina duk nauyinta a kan gora har jirgin ya zame daga turken ya daidaita. Sai ta durƙusa tana laluben 'yarta.

"'Yar nan, ina ya bugu? Cikin ne?"

"Gwiwa ce, Mama. Gwiwa ce kawai. Ga ɗan ma yana motsi."

Haoming ya kwashe ruwan da gwangwani. A hanyar dawowa gauraki na gaske suka wuce ta samansu, garke guda, suna kuka. Guilan ba ta ɗaga kai ba.

Da suka isa, Tsoho Pang ya ga wandunansu sharkaf, ya buɗe baki zai yi tsiya. Ya dubi fuskarta, ya rufe bakin.

Da la'asar ta turara kifi da citta, babba, ta ajiye a tsakiya. Ta jira 'yarta ta fara, don Wenli ba ta barin ta-kwana. Amma sai Wenli ta zuba mata shayi, ta sa mata kofin a hannu.

"Mama, sharaɗi sharaɗi ne," ta ce. "Kin kai mu, mun ga gauraki, kin dawo da mu. Ba zan ƙara maganar ba."

"Wallahi mun gani," in ji Haoming da sauri. "Har hoto na ɗauka."

"Na buhun ko na tsuntsayen?"

Ya sunkuyar da kai. Wannan tausayin ya fi mata zagi ciwo. Da faɗa suka yi mata, da ta san yadda za ta rama.

Suka ci gefe ɗaya har ƙashi ya bayyana. Haoming, ɗan halak, ya miƙa tsinke a hankali zai ɗaga ƙashin yadda aka koya masa. Guilan ta riƙe hannunsa.

"Bari."

Ta sa tsinkenta ƙarƙashin kifin. Sau biyu yana zamewa, don hannunta bai taɓa yi ba. A na uku ya juyu, romo ya fantsama a kan tebur.

Wenli ta toshe baki.

"Ku ci mana, yana hucewa," in ji Guilan. "Gidan naku na birni, a hawa na nawa yake a benen?"