Rabin Allura

Leɓen Lele ne ya fara kumbura, tun mai kemis bai gama wanke hannu ba. Yarinyar na zaune kan benci tana soshe-soshe, jajayen tabo na feso mata a wuya.

Mamanta ta riƙe mata hannu. Ai ta faɗa. Da suka shigo da zancen tari, ta sunkuyar da kai ta ce malamar asibiti ta hana a yi wa Lele wannan allurar, jininta ba ya karɓarta.

"To rabi zan yi mata," in ji mai kemis, wanda unguwa ta naɗa wa Dakta ba tare da ya taka makarantar ba.

Surukarta Inna, wadda ta rako su, ta harare ta. "Ke kin fi shi sani ne? Ciwon da ba a tsira wa allura ba ai bai ji magani ba."

Ƙarshe maman Lele ce ma ta riƙe mata ƙafafu aka yi allurar.

Yanzu numfashin Lele na fita da ƙyar, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Dakta, dubi 'yata!"

Ya birkita kwalaye, gumi na ɗiga. Maganin da ke karya wannan borin jini babu shi a shagon. "Ku yi asibiti, maza! Kada ku ce daga nan kuke."

*

Malamar asibiti ba ta tsaya faɗa ba sai da ta soka wa Lele allura a cinya, aka sa mata iska.

"Jikinta kallon maƙiyi yake yi wa maganin nan," ta ce. "Ko ɗigo ya gani zai tashi yaƙi har ya shaƙe ta. Ban gaya miki ba?"

"Kin gaya min."

Ta tsura wa ƙirjin 'yarta ido, tana tsoron ƙiftawa. Can ƙirjin ya soma ɗagawa sosai.

*

Washegari maƙwabta suka cika tsakar gida da barka. Matar tela ta leƙo da goyo, za ta kai jaririnta rigakafin ƙyanda.

"Wai me ya sami Lele, Inna?"

"Rigakafin nan da suka yi mata kwanaki," in ji tsohuwar. "Ba don Dakta ya ce mu yi sauri ba, da yanzu wani zancen ake."

Maman Lele ta buɗe baki daga ƙofar ɗaki. Inna ta ɗago ido, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Matar tela ta fasa tafiya rigakafin. Ta kwance goyon, ta nemi gefen tabarma ta zauna.