Lambar da Gara Ta Ci

Gara ta cinye rabin takardar, ta bar lamba ɗaya tsaye kamar kuka a fako: 17,296. A ƙarƙashinta mahaifin Malam Waliyyu ya rubuta da ajami cewa wannan adadi yana da aboki. Inda abokin yake kuwa rami ne, sai 16 da ta tsira a bakinsa.

Shekara arba'in Malam Waliyyu yana neman abokin nan a littattafan hisabi, daga Jega har Maiyama, bai dace ba. Shi ne kuma ya yanke cewa Gudiya, ɗiyar ƙanensa marigayi, ba za ta koma jami'a a Aliero ba. Shekara uku tana lissafi, in ji shi, ko yawan irin albasar da fadama za ta ci ba ta ƙara musu sani ba. Gudiya ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa, ta roƙi a ba ta takardar ta nemo abokin.

"Ba da waya ba," in ji shi.

"Da tsinke, Baffa."

Ta share ƙasa a gaban rumfar albasa. Ta raba lambar biyu, ta sake, har sau huɗu, sannan ta ƙi rabuwa. Ta bi ta da haƙuri har 23 ta shige ta, 47 ta fito. Ta jera duk adadin da ke raba lambar farko ba saura, ban da ita kanta, guda goma sha tara, layi ya kai bakin randa. Inna Tani, matar Malam, ta yi ta korar kaji tana mita, wai yau ƙasa ma ta shiga boko.

Da ta tara su, 18,416 ya fito. Malam ya dubi 16 ɗin takarda, ya dubi na ƙasa. Ya ce wutsiya ɗaya ba ta sa jaki ya zama doki.

Rana ta take, gumi na ɗiga kan lambobin. Gudiya ta kama sabon adadin, ta farfasa shi kamar na farko. Wani gutsure, 1,151, ya ƙi kowa. Ta gwada shi da adadi bayan adadi har azahar, ta tabbata ba mai raba shi. Ta tara adadi guda taran da ke raba sabuwar lambar, ta ja da baya.

17,296.

Kowanne, in an tattara gaɓoɓinsa, ɗan'uwansa yake haifarwa. Tsoho ya tsuguna, ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi da tasbihi. Ya daɗe. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da tawada da alƙalamin mahaifinsa, wanda ko 'ya'yansa maza ba su taɓa riƙewa ba.

"Cike mishi gurbin, ɗiyata," ya ce. "Ki bari ta bushe kafin ki haɗa kayanki na komawa Aliero."