Ƙafar Wasila

Ilyasu mahauci yana tsakiyar saran ƙashin cinya a rumfarsa ta kasuwar Diguel, hantsi ya fara zafi, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hannunsa duk kitse, don haka ya ƙyale ta. Ta sake yin ƙara, ta kuma. A karo na uku ya goge hannu a gaban riga ya ɗauka. Wata murya ce da bai sani ba, da Larabcin gari, tana tambaya ko shi ne mijin matar nan mai tukwane.

Matar tasa sunanta Wasila, amma duk unguwa Dada ake ce mata. Kowace Alhamis takan yi sammako zuwa ƙauyen Gaoui ta saro randuna da tuluna wurin matan da ke gina su, ta loda a keke mai ƙafa uku ta kawo gida, inda take kasa su a ƙofa. A ranar ma haka ta yi. Suna dawowa, wata tipa cike da yashi ta biyo su a baya, direban yana ta danna hon yana ihu ta taga, amma motar ta ƙi tsayawa. Mai keken ya yi tsalle ya tsira da ƙujewa. Wasila kuwa tana zaune a tsakanin randunanta.

Da Ilyasu ya isa asibiti, an riga an shiga da ita. Ya zauna a kan benci har la'asar, bai ma lura da cewa wuƙar aikinsa tana soke a ƙugunsa ba, sai da wani mai gadi ya zo a hankali ya karɓe ta. Likita ya fito ya ce ta rayu, amma ƙafar hagu ba ta gyaruwa, sun cire ta daga ƙasan gwiwa.

Abin da ta fara tambayarsa da ta farfaɗo shi ne ko ya ci abinci.

Watanta ɗaya da kwana tara a kwance. Ilyasu ya bar wa ƙaninsa rumfa, ya tare a asibiti. Mutumin da bai taɓa hura wuta ba ya koyi dama kunu, ko da yake na farkon da ya yi duk gudaji ne, ta sha tana dariya har ɗinkin yana mata zafi. Ya koyi yadda zai tallabe ta ta yi alwala, ya koyi ɗaure bandeji. Wani lokaci takan ce masa yatsun ƙafar da babu suna mata ƙaiƙayi. Da farko bai san abin yi ba. Daga baya sai ya riƙa sosa zanin gadon daidai inda ƙafar za ta kasance, ita kuwa ta lumshe ido ta ce, "Yauwa, nan ne, Malam."

Kwana uku da dawowarsu gida, sai ga baƙi. Wani mai suna Abdulgani ne, manajan kamfanin da ke da tipar, tare da dattawa biyu, da rago a bayan mota, da ambulan mai kauri. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo shayi. Suka yi jaje mai kyau, suka ce abin da Allah ya rubuta babu mai goge shi, kuma tsakanin Musulmi da Musulmi ba a kai ƙara wurin hukuma. Sannan Abdulgani ya fito da takarda da Faransanci, da ɗan akwatin tawada, ya ce dangwala yatsa kawai za a yi.

Ilyasu mutum ne da ba ya son tashin hankali. Bai taɓa shiga ofishin jandarma ba, balle kotu, kuma maganar dattawan ta yi daidai da abin da ya taso yana ji. Har ya miƙa babban yatsansa, sai 'yarsu Ruwaida, wadda ke koyarwa a firamare, ta durƙusa a bakin zauren ta ce, "Baba, Dada ta ce don Allah a kai mata takardar ta gani."

Ya shiga da ita ciki. Ruwaida ta karanta tana fassarawa. Takardar ta ce kamfani ba shi da laifi, mai keke ne ya shiga gaban mota, kuma daga yau babu sauran magana ko ciwon ya tashi.

Wasila ta murza gefen zaninta. Ta ce, "Malam, ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma ni ina wurin. Yaron nan mai keke a gefen hanya yake tafiya. Ba zan sa hannu a ɗora masa ba."

"To ya kike so a yi? Ƙaddara ce fa."

"Na sani, na kuma karɓa. Sai dai ka tambaye su, motar da ta ƙi tsayawa tana ina yanzu?"

Ya fita ya tambaya. Abdulgani ya ɗan yi tari ya ce motar tana bakin aiki. Ilyasu ya tsaya yana kallon ragon da ke cin ganyen darbejiya a ƙofar gida. Sannan ya mayar musu da takardarsu, ya gode musu ƙwarai, ya raka su har mota da ragonsu da ambulan ɗinsu.

Ruwaida ce ta samo lauya, wata mace mai suna Bahijja da ke da ƙaramin ofis a unguwar Ridina, a saman shagon mai sayar da katifu. 'Yar gidan fataken da suka daɗe a garin ce, tana jin Hausa irin ta kakarta. Ta faɗa musu gaskiya tun farko: shari'a irin wannan tana cin lokaci, kamfani zai ce laifin mai keke ne, kuma ba tare da shaida ba, maganarsu ba za ta yi nauyi ba.

Shaidar da ƙafarta ta zo. Wata Juma'a bayan masallaci, wani dogon mutum ramamme ya yi sallama, ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa. Ya ce sunansa Dawuda, shi ne direban. Ilyasu ya ji jininsa ya hau kansa, amma mutumin ya riga ya fashe da kuka. Ya ce sau uku yana gaya musu a gareji birkin yana zubar da iska, sau uku ana ce masa ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Bayan hatsarin aka kore shi.

Daga cikin ɗaki Wasila ta ɗaga murya. "Kai ne kake ta ihu ta taga?"

"Ni ne, Hajiya."

"Na ji ka. Ruwaida, ki zuba masa abinci."

An ɗage zaman kotu sau huɗu. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyan kamfanin inshora bai zo ba, jibi ma'aikata suna yajin aiki. Damina ta shigo ta cika lungunan Diguel da ruwa, har sai Ilyasu ya goya Wasila zuwa bakin kwalta kafin su sami tasi. Abokan sana'arsa wasu suna masa dariya, wai mahauci ya zama ɗan kotu. Shi dai bai fasa zuwa ba.

Ana gobe zama na biyar, Bahijja ta kira shi ofis ta ce, "Baba, takardar likita ta faɗi abin da aka yanke. Ba ta faɗi abin da aka rasa ba. Alƙali zai so ya ji yadda Dada take kafin hatsarin, da yadda take yanzu. Kai ne za ka faɗa."

"Ni? A gaban mutane?"

"Kai ka fi kowa sani."

Wannan ya fi goyon Wasila nauyi a wurinsa. Shekara ashirin da takwas suna tare, bai taɓa yabon matarsa a gaban kowa ba, ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Ba rashin so ba ne, haka ya ga ubansa yana yi.

Ranar zaman, Dawuda ya fara ba da shaida, lauyan kamfani ya yi ta juya shi, amma bai canja magana ba. Sannan aka kira Ilyasu. Ya tsaya riƙe da ƙarfen gaban alƙali, tafinta a gefensa, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Alƙali ya tambaye shi sunan matarsa.

"Wasila," ya ce, a hankali ƙwarai, har sai da aka ce ya maimaita.

Daga nan maganar ta ɓalle masa. Ya ce mace ce da ba ta iya tafiya a hankali ba, in suna hanya tare kullum sai ta tsaya ta jira shi. Ya ce takan ɗora randa biyu a ka ta riƙe tulu a hannu, ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba. Ya ce shekarar da shanu suka yi ciwo aka rufe mayanka wata uku, tukwanenta ne suka ci da gidan, kuma ba ta taɓa bari yara sun gane ba. Ya ce da ƙafa ta je Ridina da tsohon ciki don ta yi jinyar mahaifiyarsa. Ya ce yanzu a zaune take sallah, kuma yakan ga ta kai hannu ƙasa tana shafa tabarma inda goshinta ya saba taɓawa.

Nan ya tsaya. Tafintan ma ya ɗan dakata kafin ya ƙarasa juyawa. Ilyasu bai yarda ya waiwaya ba, amma yana jin Ruwaida tana jan hanci a bayansa.

A tasi, suna komawa, Wasila tana kallon waje ta ce, "Ashe kana ganin duk wannan."

"Alƙali ne ya tambaya," in ji shi.

"To Allah ya saka wa alƙali da alheri."

Bayan mako uku aka yanke hukunci. Kotu ta ce laifin kamfani ne, su da inshorarsu su biya kuɗin jinya da diyyar ƙafa, aka kuma wanke mai keke. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka ƙara wata bakwai ana kai da kawowa, aka rage wani abu daga ciki, amma hukuncin ya tsaya. Dawuda bai sake samun tuƙi a garin ba. Ƙanin Ilyasu ne ya haɗa shi da wani mai safarar shanu, yanzu yana hanyar kudu.

A wata cibiya da ke yi wa nakasassu ƙafafu aka auna Wasila. Ƙafar roba ce, ta ɗan fi fatarta haske. Sati shida tana koyon taka ta tsakanin ƙarafa biyu, tana faɗuwa tana tashi, kututturen yana yin ƙanta.

Cikin wannan lokaci Ruwaida, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta haihu. Ana jibi suna, mai lalle ta zo gidan da rana, mata suka baje a tsakar gida. Ta gama yi wa Wasila ƙafar dama, ta fara tattara kayanta, sai Wasila ta kwance ɗaurin ta hagu ta miƙa mata.

"Ita ma a yi mata. Ba za ta je suna haka ba."

Mata suka kwashe da dariya. Mai lallen ta ce sai dai a riƙe mata, don santsi gare ta, tana juyawa. Ilyasu ya shigo ke nan daga kasuwa da ƙullin nama a hannu, ya ga taron mata ya juya zai fita.

"Malam," in ji Wasila, "zo ka riƙe mana."

Ya ajiye naman a kan turmi, ya wanke hannu, ya zauna a bakin tabarma ya ɗora ƙafar a cinyarsa. Mai lalle ta tambaye shi wane zane za a yi. Ya leƙa ƙafar daman ya duba da kyau, sannan ya ce a yi iri ɗaya, kada wata ta fi wata.